Kibod ɗin da Inna Ta Jera

Gaya, 3 ga Yuni

Ƙanena Mus'ab,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, karatu yana tafiya, kuma Maleshiya ba ta sa ka manta ɗanɗanon tuwon dawa ba. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sau biyu a gida Toranke, an fara shuka. Inna Larai tana fama da gwiwarta kamar kullum, ta ce in gaishe ka. Ni kuma ina nan ina koya wa yara saba'in kwamfuta da alli, don injina uku da makarantarmu ta mallaka suna kulle a ofishin shugaba, kada a lalata su da amfani.

Ga wasiƙar Baffa ta Juma'ar nan, na ɗauke ta a hoto kamar yadda na saba. Shafi ɗaya da rabi, babu kuskure ko ɗaya. Na duba, don na so in samu.

Na ga saƙonka a kan kwamfutarsa. Ka ce ta tsufa, tana shan wutar sola kamar raƙumi, kuma Windows ɗin da ke kanta an daina kula da shi tun tuni, ƙwayar cuta za ta iya shiga. Ta ina, Mus'ab? Injin nan bai taɓa ganin intanet ba. Tun da aka sauke shi a ɗakin Baffa ko zaure bai leƙa ba.

Bari in tuna maka yadda yake aiki da ita, tun da ka daɗe ba ka gani ba. Ranar Juma'a da hantsi, idan rana ta hau kan sola, ya zauna. Ya danna wajen kunnawa, ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya. A nan ta gama farkawa. Ya danna madannin nan mai hoton taga, ya buga haruffa huɗu, ya danna Enter, shafi ya buɗe. Ya rubuta maka abin da zai rubuta. Ya ajiye, ya aika wa firinta, ya jira ƙararta. Maus kuwa yana cikin durowa tare da tsofaffin batura. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana buga tafireta a sakatariya, ba a taɓa ba shi ɓera ya riƙe ba.

Idan ra'ayina kake so, tsohon Windows ɗin nan tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Ba ya zuwa da wuri, yana gunaguni, amma kullum ka san ofishin da za ka same shi. Ku kuma mutanen Linux, kishiyar Windows ɗin da kake so a sa masa, ban taɓa ganin wanda ya iya shan shayi bai yi wa na kusa da shi wa'azi ba.

Ka bar masa kayansa. Gona ta fi ƙarfinsa, masallaci ma yanzu sai Inna ta raka shi bakin ƙofa, wai saboda santsin damina. Wannan wasiƙar ta Juma'a ita ce aikin da ya rage masa wanda ba ya cewa kowa zo ka kama mini.

Yayarka,
Ummu Salma


Kuala Lumpur, 5 ga Yuni

Yaya Ummu,

Wa alaikumus salam. Lafiya ƙalau, sai zafi da aikin lab. A gaida Inna da gwiwa.

Yaya, wallahi ke ce kaɗai mai digiri da na sani da take kare injin da ke ɗaukar minti biyu kafin ya tashi. Linux kyauta ne, ba nauyi, zai tashi cikin sakan ashirin a wannan injin ɗin dai. Ba sai an sayi komai ba. Batirin sola zai huta, Inna ta samu fanka da rana.

Ko kuma mu bar kwamfuta gaba ɗaya. In aiko masa da waya Android mai babban allo, ya danna ya yi magana, in ji muryarsa. Duniya ta wuce kibod.

Baffa ne ya ɗauke mu ranar da aka rufe Abba. Shi ya fara ɗora yatsuna a kan tafireta. Yanzu ina karanta kwamfuta a ƙasar waje, shi yana fama da injin da ko a bola a nan ba za a ɗauka ba. Kunya nake ji, Yaya. Shi ke nan.

Ki yi haƙuri da gajeren saƙo, a jirgin ƙasa nake.

Mus'ab


Gaya, 20 ga Yuni

Mus'ab,

Barka da Sallah. An yi lafiya, an ci nama, an yi maka addu'a. Rabonka na soye yana cikina, ka yafe.

Maganar waya, na gwada masa tawa tun bara. Ya shafa gilashin da babban yatsa, ya juya ta, ya miƙo mini. Ya ce, "Ummu, wannan ai rubutu ne a kan ruwa. Ina zan ajiye hannuna?" Ni ma haka nake ji. Ina rubuta Hausa, wayar tana gyara mini zuwa Turancin da ban nufa ba, kamar malamar firamare da ba ta yarda na girma ba. Masu iPhone a ɗakin malamai sun ce in sayi irin tasu in huta. Na duba, gilashin dai ɗaya ne, sai dai nasu ya fi tsada idan ya fashe. Saƙon murya kuwa, Baffa ya ce magana iska ce, shi a takarda ya saba sa hannu.

Yanzu ga labari. Ana jibi Sallah Inna ta tashi wankin gida. Ta wanke labule, ta wanke tabarmi, idonta ya faɗa kan kibod. Ka san yadda ya yi baƙi. Baffa yana zaure da baƙi, ta sa bakin cokali ta ɓalle madannan haruffa ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a kwano, ta wanke da omo, ta shanya a faifai. Da ta zo mayarwa sai ta tsaya. Ka tuna ta yi ajin yaƙi da jahilci na wata tara, ba ta kuma yarda a manta ba. Ta ce mini, "Ashe duk shekarun nan a hargitse abin yake, ba wanda ya gyara wa Malam. A a nan, B can ƙasa, C a wani gari." Sai ta jera su daidai. A, B, C, D, daga sama, hagu zuwa dama, har Z. Ta nuna mini da alfahari irin na wadda ta shirya kwanukan amarya.

Na zauna in gwada. Na danna inda aka rubuta A, Q ta fito. Digiri biyu, na kasa rubuta sunana.

Washegari Juma'a ce. Baffa ya zauna, ya kunna, ya yi ƙafa goma sha ɗayansa, ya ɗora yatsu. Na tsaya a bayansa ina jiran faɗa. Ya buga maka shafi biyu, waɗanda ka karanta makon jiya. Babu kuskure. Da ya gama ya murza yatsunsa ya ce, "Larai, sabulun nan naki ya canza wa abin nan fata." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Fuskarsa tana kan kibod ɗin, Mus'ab, da rana tsaka, taga a buɗe. Bai lura ba. Ka karanta wannan layin sau biyu.

Ban ce masa komai ba. Ka san gidanmu, ba a riga Baffa faɗin abin da ya shafi Baffa. Ban kuma mayar da madannan ba, don Inna za ta ji ciwo, shi kuma ba su dame shi ba.

Ranar Litinin zan tafi Kano makin takardun jarrabawa, mako uku. Na roƙi Hussaina, ma'aikaciyar asibitin da ke haya kusa da mu, ta riƙa ɗaukar wasiƙar a hoto tana turo maka idan ta fito inda akwai sabis. Don Allah kada a taɓa komai sai na dawo.

Ummu Salma


Kuala Lumpur, 21 ga Yuni

Yaya,

Na yi dariya har wani ɗan Indiya ya tashi daga kusa da ni. Inna ta ƙirƙiro sabon kibod! Na ba 'yan ajinmu labari, sun ce a yi mata rajista kafin wani kamfani ya sace.

Baffa kuwa gwani ne, ai na sani. Ƙwararren mai buga rubutu ba ya kallon yatsunsa. Ni ma ba na kallo.

Allah ya ba da sa'ar maki. Kada ki kayar da yaran mutane da yawa.

Mus'ab


Kuala Lumpur, 12 ga Yuli

Yaya Ummu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin gama lafiya. Na kira ki sau huɗu bai shiga ba.

Juma'a uku ke nan ban ga wasiƙar Baffa ba. Tun da na zo ƙasar nan bai taɓa tsallake ko ɗaya ba, har makon da ya yi zazzaɓi. Hussaina ta ce duk zuwan da ta yi sai ya ce tawadar firinta ce ta ƙare.

Dole in gaya miki wani abu. So na yi ki dawo ki tarar an gama, ki ga da idonki. Washegarin tafiyarki na tura Haruna, abokina mai shagon kwamfuta a bakin tashar Gaya. Ya kwashe tsofaffin wasiƙun Baffa a filash, ya sa Linux, ya mayar da su. Ya gwada komai, har firinta, ya ce tawada cike take. Ya nuna wa Baffa yadda ake shiga, ya ce Baffa yana ta cewa "To, to, na gani." Yanzu injin yana tashi kamar sabo.

To idan tawada ba ta ƙare ba, fushi yake yi da ni ke nan? Don na taɓa masa kaya ban tambaye shi ba? Ki ba shi haƙuri. Amma ki gaya masa ya gwada na mako ɗaya kawai, wallahi ba zai so komawa ba.

Mus'ab


Toranke, 14 ga Yuli

Mus'ab,

Lafiya muke. Gero ya kai gwiwa. Na iso jiya da azahar, na karanta saƙonka a cikin mota, ban sauka a Gaya ba na wuce gida. Wannan zai same ka idan na fito kan titi.

Baffa ba fushi yake ba. Da fushi ne da na ji daɗi.

Na kunna injinka. Ka yi gaskiya, yana tashi da sauri, ban ko gyara zama ba. Kyakkyawa ne kuma, da hoton tsaunuka masu ƙanƙara, abin da Toranke ta daɗe tana nema. A tsakiyar tsaunukan akwai ɗan akwati yana neman kalmar sirri. Haruna mutum ne mai tsari, ya rubuta ta a 'yar takarda da biro, ya manna a gefen allon, don kada Baffa ya manta.

Na tambayi Inna yadda aka yi. Ta ce ranar Juma'ar farko ya zauna kamar kullum, ya kunna, ya yi karatunsa, ya buga abin da ya saba bugawa, ya shiga rubutu. Kusan awa ɗaya. Ya danna na firinta, ya karkata kai yana jira. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. Ya ce, "Tawada ce. In Ummu ta zo ta fitar, ai yana ciki a ajiye." Juma'a ta biyu haka. Ta uku, shekaranjiya, ta ce ya fi awa biyu, har ta leƙo ta ce Malam za a rasa sahu. Ta ce da ya tashi sai da ya share fuska da hannun riga.

Ka gane inda rubutun ya tafi? Cikin ɗan akwatin nan. Wasiƙa uku, harafi bayan harafi, ya zuba su a wajen kalmar sirri. Duk ƙarshen sakin layi ya danna Enter, injin ya ce ba daidai ba, ya share, ya sake buɗe masa baki. Da jan rubutu yake faɗa, a tsakiyar allo, manya-manya. Ko yaron da ke aji biyu zai gani daga bakin ƙofa.

Baffa ba ya gani, Mus'ab. Na rubuta maka a fili tun da a rufe bai shiga ba. Yana bambance taga da bango, yana gane mutum da tafiyarsa. Ban san tun yaushe ba. Ina jin ya fi shekara. Ba ya kallon allon nan, haddace shi ya yi, kamar yadda ya haddace hanyar masallaci da taku. Kai kuma ka aiko aka matsar da masallacin don ka samo masa mafi kyau.

Ban fi ka gaskiya da yawa ba. Na gani tun Sallah, na tsaya ina yi maka zance a nannaɗe don kada in zama wadda ta fara faɗa. Na san a jirgi kake karanta ni, da babban yatsa, kana tsallake duk abin da ba dariya ba. Da na rubuta kalma huɗu da ba a kai nan ba.

Da yamma ya ce, "Ummu, ki fitar wa yaron nan takardunsa, guda uku ne." Na ce to, Baffa, sai na sayo tawada. Yanzu mu biyu muke ƙaryar tawada. Na gaji, wallahi. Takarda dubu da ɗari biyu na yi wa maki, ba wadda ta gajiyar da ni kamar wannan 'yar takardar da aka manna a gefen allo.

Ummu Salma


Kuala Lumpur, 15 ga Yuli

Yaya,

Na koma na karanta layin. Sau biyu, kamar yadda kika ce tun farko.

Ban je lab ba yau. Na buɗe wasiƙunsa na shekara biyu ina dubawa. Tun bara ya daina ce mini "na ga hotonka". Yana cewa "Innarku ta ce ka rame." Yana nan a rubuce, ban gani ba. Ni da ke da ido.

Tsohon Windows ɗin ba zai dawo yadda yake ba, na sa an goge shi. Ko an sake sawa sai wani abu ya bambanta, shi kuma bambanci kaɗan ya ishe shi ɓata. Abin da zan iya shi ne in sa wannan ya bi hannunsa. Ki ɗaukar mini bidiyon yatsunsa, daga kunnawa har firinta, kada ki tsallake ko dannawa ɗaya. Allon ba ruwana da shi. Zan rubuta wa Haruna abin da zai yi, layi-layi.

Wasiƙu ukun fa? Babu wata hanya? Na san amsar, ni ne mai karatun. Ina dai tambaya.

Mus'ab


Gaya, 22 ga Yuli

Mus'ab,

Muna lafiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, ko kuma ta samu abin da ya fi ta damuwa.

Babu wata hanya. Na gaya masa ranar Talata. Ban iya ci gaba da zancen tawada ba. Na ce, Baffa, an canza wa injin ciki, abin da ka rubuta bai zauna ba. Ya ce, "Duka ukun?" Na ce duka. Ya ce, "Har ta ƙarshen?" Na ce har ita. Ya ce, "To." Sai ya miƙo hannuwansa ya ce, "Ina za ki ɗauka, nan?" Ban gaya masa zancen bidiyo ba tukuna. Ya ji ni ina waya da Haruna a tsakar gida. Kunnensa dai ba abin da ya same shi.

Ranar Asabar na ɗauko Haruna da takardarka. Ya zo da kibod ɗinsa a jaka, ya ce na Inna ya kusa sa shi kuka wancan zuwan. Ya yi ta ba Baffa haƙuri har Baffa ya ce, "Kai ɗan nan, aike aka yi ka. Zauna ka yi aikinka." An cire kalmar sirri. Madannin taga, haruffa huɗu, Enter, shafi ya buɗe. Ajiyewa da firinta duk a inda yatsunsa suka san su. Ka kuma sa ta yi ɗan ƙara idan shafin ya buɗe, wanda ban roƙa ba. Wannan ka kyauta.

Mun gwada sau biyar. Ga abin da zai ba ka haushi: injinka yana gama tashi tun Baffa yana ƙafa ta uku. Haruna ya buɗe baki zai gaya masa, na taka masa ƙafa. Haka zai riƙa tsayawa, da duk saurinsa, yana jiran tsoho ya cika sauran takwas. Ina ganin wannan ne karo na farko da na ga Linux ya yi shiru.

Kada ka ɗauka na tuba. Har yanzu ina ganin duk wanda ya ƙera waɗannan abubuwa yana da ido biyu da shekara talatin, kuma bai taɓa tunanin zai wuce haka ba.

Ummu Salma


Toranke, Juma'a 26 ga Yuli

Zuwa ga ɗana Mus'abu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Innarku tana gaishe ka. Damina ta yi kyau, an gama noman farko a gonar Gafasa.

Na ji injin ya yi ƙara, na san shafi ya buɗe. An ce aikinka ne. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka ta ce kana cewa a ba ni haƙuri. Ban yi fushi ba. Ni ma da aka kawo mana kwamfuta a sakatariya na ɗauke tafiretar maigidana na kai sito, ina ganin gata na yi masa. Bai ce mini komai ba. Sai yanzu na ji abin da bai ce ba.

Wasiƙa biyu na farko labarin shuka ne da na Sallah, ba ka yi asarar komai ba. Ta ukun na daɗe ina shirya ta. Irinta sau ɗaya mutum yake iya rubutawa. Na rubuta, injin bai riƙe ba, ba zan sake ba. Na ji an ce ka riga ka san abin da ke ciki.

Ummu ta ce za ta kai ni Kano ranar Laraba a duba. Na ce to.

Haruna ya ce zai mayar da madannan yadda Turawa suka jera su. Na hana. Na ji dariyarsa tun zuwansa na farko, na tambayi Innarku, ta gaya mini aikin da ta yi. A bar mata shi yadda ta shirya. Duk gidan nan ni kaɗai ne ba ya ba wa wahala.

Idan ka ga kuskure a takardar nan ka gaya wa Yayarka, kada ka gaya mini.

Ni ne Baffanka,
Datti